Ba Cin Hanci Ba, Hancin Kansa

Duk ranar da kalmar hanci ta fito a shafin jarida, ba sai ka ƙarasa karantawa ba, ka san rashawa ce ke biye da ita. Cin hanci ya sami kanun labarai da hukumomi da kwamitoci, shi kuwa hancin da Allah ya dasa mana a tsakiyar fuska ba mai tunawa da shi sai ranar mura. Yau dai a yi mini uzuri, a kan wannan hancin zan yi magana, saboda abin da ya sami yayata, wadda mu a nan Adamawa muke kira Adda.

Adda a Jimeta take zaune, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Amaren unguwarsu da yawa da ƙamshin hannunta aka kai su ɗaki. A hunturun farkon 2021, lokacin da korona ta sake tasowa a ƙasar nan karo na biyu, ta yi mura da zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ba a gwada ta ba, kamar yawancinmu. Ta sha magani ta miƙe. Ranar da ta koma aiki ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa sabon haɗi, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki tana kallonsa da ido, amma ba ta ji komai ba. Nan take ta kira mai sayar mata da sandal a kasuwar Jimeta ta wanke shi tas, wai itacen girki ya haɗa ta da shi. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Da ta ajiye waya ta shiga kicin, ta buɗe gwangwanin daddawa ta kai hanci, shiru. Ta buɗe jarkar kananzir, shiru. Nan jikinta ya yi sanyi.

Da labari ya zaga dangi, dariya aka fara yi. Wani ya ce ai ta huta da warin kwata. Wata ta ce ta gode wa Allah ba ido ba ne. A wani ƙaramin asibiti da ta je, wanda ya duba ta ko kai bai ɗaga daga takarda ba, ya rubuta mata maganin mura. Ni ma kada in wanke kaina. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare, amma da ta ce mini, "Malam, kai da ka karanta jikin mutum, me ya sami hancina?" sai na ce, "Adda, toshewa ce, ki yi sirace." Ta ce, "A buɗe yake, iska na shiga tana fita. Ƙamshin ne babu." Na rasa ta cewa. A aji, ido nakan ba shi mako biyu, kunne mako guda, hanci da harshe kuwa in cusa su a minti goma na ƙarshen darasi, don na san da wuya su fito a jarrabawa. Kunya ce ta mai da ni ɗalibi.

Harshenmu dai bai raina hanci ba. Muna da ƙamshi, muna da wari, in ya tsananta mu ce ɗoyi. Na kifi da jini ƙarni ne, na tuwon da ya kama ƙauri, na fitsari zarni, na baki hamami, naman da ya fara juyawa kuma ya yi bashi. Mai girman kai mu ce yana shan ƙamshi ko yana hura hanci. Amma wanda ba ya gani makaho ne, wanda ba ya ji kurma, akwai bebe, akwai gurgu, shi kuwa wanda jin ƙamshi ya ɗauke masa ba mu raɗa masa suna ba. Ciwon da ba shi da suna, wa zai zo maka dubiya a kansa?

Malaman fikihu sun riga mu nisa a nan. A babin diyya, wanda ya yi wa wani rauni har ya rasa jin ƙamshi gaba ɗaya, cikakkiyar diyya ce a kansa, daidai da wanda ya kawar da gani ko ji. Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, har ya kawo yadda alƙali zai gwada mai wannan da'awa, wato a kusanto masa da abu mai tsananin wari a gani ko zai jure. Yaron da ya fara Ahalari ma ya san da abu uku ake gane ruwan alwala ya canja: launi, ɗanɗano, wari. Adda ta tambaye ni, ita yanzu da me za ta san ruwan randarta?

Ga abin da na tarar da na koma karatu. Wannan karan da ake yi wa amarya kirari da shi, a ce hanci har baka, zaure ne kawai. Gidan yana ciki, kogo ne mai zurfi da bango ya raba biyu, kowane gefe da wasu naɗaɗɗun ƙasusuwa uku lulluɓe da tsoka mai laima. Su ke ɗumama iska, su jiƙa ta, su tace ƙura kafin ta kai huhu. Wanda ya face hanci bayan ya wuni a Keke Napep tsakanin Yola da Jimeta cikin hazon Janairu ya ga shaidar aikinsu a hankicinsa. Wurin jin ƙamshi kuwa ɗan fegi ne can sama a rufin kogon, daidai tsakanin idanu, faɗinsa bai wuce na kan sarkin da muke manna wa wasiƙa a da ba. Numfashin yau da kullum ta ƙasa yake wucewa, kaɗan ne ke haurawa can. Shi ya sa mai sayen turare yake shinshina kwalba gajere-gajere da sauri, don ya cilla iskar sama, ba tare da wani ya koya masa ba.

A wannan ɗan fegi akwai ƙwayoyin jijiya miliyoyi, kowace da 'yan gashin da ido ba ya gani, nutse cikin majina. Ƙamshi ɓurɓushin abin ne da kansa, ƙanana ƙwarai, da suka tashi suka bi iska. Idan ƙamshin tsire ya tare ka a bakin titi da magariba, wani abu daga jikin tsiren ya riga ya shiga hancinka tun ba ka biya ba. Haka ma kwata, sai haƙuri. Ɓurɓushin yakan narke a majina, ya sami gurbin da ya dace da siffarsa a jikin gashin, kamar makulli da kwaɗo, sai jijiya ta buga saƙo. Masana biyu a Jami'ar Columbia ta Amurka, Linda Buck da Richard Axel, su suka gano dangin waɗannan gurabe a 1991, aka ba su lambar Nobel a kai a 2004. Ɗan Adam yana da kusan iri 400 masu aiki, alhali ido duk launukan duniya da iri uku kacal yake ganinsu. Ƙamshi guda yakan taɓa gurabe da yawa lokaci ɗaya, wannan da ƙarfi, wancan sama-sama, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta zanen da suka haɗu suka fitar, yadda mai ɗinkin hula ke fitar da zane ba iyaka daga zare 'yan launuka. Jerin guraben kowa kuma gado ne, ba ya zama sak da na wani. Idan kai da maiɗakinka kuka yi gardama a kan wani turare, kana cewa daɗi tana cewa hawa kai, ta yiwu duk ku biyun gaskiya kuke faɗa.

Daga fegin nan zaruruwan jijiya suke haurawa ƙwaƙwalwa, ta cikin wani siririn ƙashi mai huji-huji da ya raba rufin hanci da ƙoƙon kai. Masana ma sunan rariya suka ba shi. A bayan rariyar akwai 'yan curi biyu kwance ƙarƙashin goshin ƙwaƙwalwa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, nan ake tattara saƙonni a tantance. Raunin wannan tsari a fili yake. Idan mutum ya faɗo daga babur ya bugu a ƙeya, ƙwaƙwalwa takan motsa cikin ƙoƙo, zaruruwan da suka ratsa rariya su tsinke. Sai a ɗinke masa kai a sallame shi, kowa na barka, bayan wata guda ya lura abinci ya zama kamar dusa. Samarinmu masu ganin hular kwano nauyi ce, ga ƙarin dalili guda.

Inda saƙon ke zuwa daga nan shi ya fi burge ni. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji sai sun yada zango a wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kamar baƙon da zai tsaya a zaure a yi masa iso. Ƙamshi ɗan gida ne, kai tsaye yake faɗawa sassan da ke riƙe da tsoro da shauƙi da ajiyar abin da ya wuce. Adda a wajen wata Babarbariya ta gyara hannunta a sana'ar nan, baiwar Allah da ta gudo daga Bama a 2014, shekarar da Boko Haram ta ci Gwoza da Bama da Mubi, masu gudun hijira suka cika Yola. Ta zo daga ita sai zanen jikinta, Adda ta ba ta ɗaki. Kuɗin farko da suka shigo hannunta, tun ba ta da katifa, hawi da kajiji da farce ta saya. Ran da ta turara ɗakin, Adda ta same ta zaune a ƙasa hawaye na zuba ba sauti, ta ce yanzun nan ta ga gadonta da labulenta da mahaifiyarta a bakin ƙofa. Labarin garinsu ta sha bayarwa idonta a bushe, hayaƙin kasko ne ya karya ta. Mai karanta Suratu Yusuf zai tuna Annabi Yaƙubu, alaihis salam, wanda ganinsa ya tafi saboda baƙin ciki, amma ƙamshin ɗansa ya iso masa tun ayari na hanya. Wannan mu'ujiza ce, amma a dubi ƙofar da aka zaɓa mata.

Mu mutanen Yola muna da namu. Bayan zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 ana kwana a tsakar gida, akwai yammacin da iska ke juyowa da ƙamshin ƙasa tun ɗigo bai sauka a unguwarku ba. Wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa ne ke yin sinadarin, sunansa jiyosmin, ruwan fari ya tayar da shi sama, hancin mutum kuwa na kama shi komai ƙanƙantarsa. Daminar 2021 ta sauka, yara na tsalle a tsakar gida, Adda na tsaye a bakin ƙofa tana jan iska kamar mai jan guga a busasshiyar rijiya.

A kwanon abinci abin ya fi cin ta. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, haka ne, gishiri na harshe ne. Sai dai harshen abu biyar kawai ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da ɗanɗanon nan na romon nama. Sauran abin da muke kira daɗin abinci, gardin kunun gyaɗa, man shanu a kan tuwo, bambancin kifin Binuwai da na ƙanƙara, hanci ke ba da shi ta ƙofar baya: kana tauna, ƙamshi na haurawa ta maƙogwaro zuwa wancan fegi. Adda ta ce tuwo da miya sun zama mata kamar tana tauna soso mai gishiri. Ta rage ci, ta rame. Ta riƙa zabga gishiri a miya har yara suka yi ƙorafi, ga ta da hawan jini. Sau biyu tana cin abincin da ya kwana ya juya ba ta sani ba. Tsofaffinmu ma da ke ture kwano suna cewa girkin 'yan zamani ba daɗi, sau da yawa ba laifin suruka ba ne, jin ƙamshi na raguwa da shekaru, musamman in an haura sittin.

Wasu har ƙaryata ta suka yi, don tana atishawa in ana dakan yaji, tana jin sanyin man zafi in ta shafa. Wannan aikin wata jijiya ce daban, mai kula da fuska da haƙora, ita ke kai rahoton raɗaɗin barkono da yajin albasa mai sa hawaye, kuma tana nan lafiya ko ta ƙamshi ta mutu. Alƙalin yau da zai yi gwajin da Halilu ya ambata sai ya kiyaye, ya zaɓi abu mai wari zalla, kada ya ɗauko mai yaji ya zalunci mai gaskiya.

In korona ce ta kama ta, kuma alamu duk sun nuna haka, binciken da aka yi a Jami'ar Harvard a 2020 ya bayyana abin da ya faru. Ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ƙamshi, masu yi musu hidima. Masu hidima suka kwanta, gida ya tsaya, shi ya sa hanci a buɗe amma ƙamshi ya ɗauke rana ɗaya kamar wutar lantarki. Rahamar da ke ciki ita ce, jijiyoyin nan suna cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sabuntawa har tsufa, tsofaffi na mutuwa, sababbi na tsirowa suna neman hanya ta rariya. Yawancin masu korona sun warke cikin makonni, wani nazari da aka buga a 2022 kuma ya ƙiyasta kusan 5 cikin 100 ne abin ya zarce musu. Adda na cikinsu. Da sababbin zaruruwa suka fara haɗuwa kuwa, a karkace suka haɗu, kamar mai gyaran wuta ya juya wayoyi. Albasa a mai ta koma mata ƙaurin taya, naman miya ɗoyi, turaren da ta haɗa da hannunta ta ce kamar an jiƙa tsumma a fetur. Nan dangi suka bar dariya suka koma raɗa: sammu ne, abokan sana'a ne. Addu'a ba ta yawa, kuma mun yi. Amma na yi ta faɗa musu likitoci sun san wannan karkacewa, sau da yawa ma alamar jijiya na farfaɗowa ce, kada a ɓata zumunci a kan zargi.

Sai ranar gas. Ta ɗora ruwan shayi, ya tafaso ya kashe wutar, tana can tsakar gida tana shanya. Da ta dawo ta ga ba wuta sai ta shiga laluben ashana. Autarta ce ta dawo daga Islamiyya, tun daga ƙofa ta ƙwalla ihu, "Dada, kar ki kunna! Gas!" Kicin ya cika, Adda na tsakiyarsa ba ta san komai ba. Gas ɗin girki asalinsa kusan ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya yi gadi. Da rayuka aka sayi wannan dabara: a watan Maris na 1937 gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara, daga nan jihar ta wajabta sa masa wari, wasu suka bi. Ke nan tsaron duk tukunyar gas da ke gidajenmu yau, daga Karewa zuwa Jambutu, ya dogara ne a kan zaton mai girki tana jin wari, kuma mai cika maka tukunya ba ya tambaya. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Gidan da ke da mai irin larurar Adda, a ajiye tukunya a waje inda iska ke kaɗawa, a riƙa shafa wa tiyo da mahaɗa ruwan sabulu a gani ko zai yi kumfa.

Mai lafiyayyen hanci ma kada ya saki jiki, don akwai ɓarayin da maigadin nan ba ya gani. Hayaƙin janareto da na gawayi suna ɗauke da wata iska, kabon monoksayid, ba launi ba wari, tana maƙale wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ita ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an shigo da janareto lungu don tsoron ɓarawo ko ruwan sama, ita ke sa mai jego jiri da ciwon kai in an rufe ta a ɗaki da garwashi cikin hunturu. Ga kuma ta cikin tsohuwar rijiya da ramin masai, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Makircinta, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mai yasa ya ce ai ta wuce, alhali lokacin ta kai ga kisa. Shi ya sa ake jin mutum ya faɗi a rami, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a ido: Malam, a jihar da zazzaɓin cizon sauro da kwalara da haihuwa ke ɗaukar rayuka, wa ke da lokacin hanci? Maganar na da ƙamshin gaskiya, ni ma ban ce a gina wa hanci asibiti ba. Abin da nake nema bai kai kuɗin kati ba. Tambaya ɗaya ce a ƙara wa wanda ya bugu a kai, da wanda mura ta daɗe masa, da duk wanda ya haura sittin: kana jin ƙamshi? Sannan 'yan kwalabe a aljihun tebur, kanumfari, daddawa, sabulu, ɓawon lemo, soyayyiyar gyaɗa, a rufe masa ido a gwada kowace ƙofar hanci. Yola na da asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ga Asibitin Ƙwararru, ga ɗaliban likitanci da na jinya, a fara daga nan mana, wanda ya kasa a tura shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Wani tsiro ne ya tare masa hanya, ana cirewa ko a rage shi da magani. Wani kumburin kogon hanci ne. Wani kuwa gargaɗi ne, domin mafi yawan masu ciwon Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sanɗarewar jiki, jin ƙamshinsu ya ragu, sau da yawa shekaru kafin hannu ya fara rawa, haka ma ciwon mantuwa na tsufa. Ba duk wanda ya rasa ƙamshi ne zai kamu da su ba, ko kusa, amma likitan da bai tambaya ba ya yar da shaida ta kyauta.

Mu malaman makaranta ma mu gyara. Mun gaji magana daga littattafai cewa hancin ɗan Adam rago ne, kare ke da hanci. Asalinta daga wani likitan Faransa ne na ƙarni na 19, Paul Broca, wanda ya duba girman sassan ƙwaƙwalwa ya yanke hukunci, kuma masanin Amurka John McGann ya bi diddiginta a 2017 ya nuna tushenta ba ƙarfi. Kare ya fi mu a wasu abubuwa, ba musu, gafiya ma haka: a Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO ta horar da gafiyoyi suna shinshina kakin majinyata su nuna mai tarin fuka. Amma je Bakin Kogi ka ga yadda mai sayen kifi ke kai hanci sau ɗaya ta faɗi ko na yau ne ko na jiya, ko ka kalli Bafulatana ta buɗe ƙwarya ta san kindirmo ya kai ko da saura. Ba su karanta Broca ba, ba wanda ya gaya musu hancinsu rago ne.

Hanci yana horuwa, kuma ta nan muka bi da Adda. Wani likita a Dresden ta Jamus, Thomas Hummel, ya wallafa a 2009 cewa waɗanda suka rasa jin ƙamshi, in suka riƙa shinshina abu huɗu safe da yamma har mako 12, wardi da kanumfari da lemon tsami da man bishiyar turare, wasunsu kan sami sauƙi fiye da waɗanda ba su yi ba. Wasunsu na ce, ba duka ba, kuma ba a kwana biyu ba. Da na kawo mata maganar ta harare ni: "Malam, ni mai sayar da ƙamshi, ni za a koya wa shinshina?" Amma ta yi, bayan asuba da bayan isha'i, kowace kwalba daƙiƙa ashirin, tana ƙoƙarin tuno yadda abin yake a da. Ko horon ne, ko lokaci ne ya yi, ko duka biyun, sauƙi dai ya fara zuwa.

Wata safiya ta fito sharar ƙofar gida, sai maƙwabta suka ji guɗa. Aka fito ana tambayar wa ta haihu. Ashe warin kwata ta ji, sak yadda ta san shi. Maƙwabtan kuwa, masu lafiyayyen hanci, suka ce wane wari? Su ma ba ƙarya suka yi ba. Hanci yakan saba, warin da ya daɗe yana bugunsa sai jijiya ta rage kai rahotonsa cikin 'yan mintuna don ta saurari sabo. Shi ya sa mai turare ba ya jin na jikinsa, yana ta ƙarawa har ya hana sahu numfashi ranar Juma'a. Shi ya sa kuma muke zaune da kwatocin da leda ta toshe shekara da shekaru, baƙo ya toshe hanci mu ji haushinsa, sai ruwan Agusta ya shigo mana ɗaki da abin da muka daina ji. A layin nan kaf mace ɗaya ce ta ji warin kwatar ran nan, wadda ta yi kusan shekara hancinta ba daidai ba, kuma ita ta tara samari aka yashe ta.

Yau Adda ta koma sana'a, amma ba kamar da ba. Sandal har yanzu rabi-rabi take jinsa, autar nan ce ke shinshina haɗin ƙarshe kafin a zuba a kwalba. Tukunyar gas ta koma bayan kicin, an huda bango an shigo da tiyo. Mai sandal ma ta je har rumfarsa ta ba shi haƙuri.

Kai mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, ko wanda ya taɓa buguwa a kai, ko wanda ya ce tun wata mura abinci ya daina masa daɗi, yau da daddare ka ɗauko kanumfari da ɓawon lemo, ka ce ya rufe ido ya faɗa maka mene ne. In ya kasa, kada ka yi dariya, kada ka ce ya gode ba ido ba ne. Ka kai shi wajen likitan hanci, kafin nan kuma kada a bar shi shi kaɗai da tukunyar gas.